Google na cire mini haraji, shin sai na sake sanar da hukumar ƙasarmu?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da tasha a YouTube inda nake koyar da gyaran waya, ina kuma ɗora gajerun bidiyo a TikTok da Facebook. Shekara biyu ke nan da kuɗi suka fara shigowa, wani wata da kauri, wani wata ba yabo ba fallasa. Kamfanoni kan biya ni in tallata musu kaya, wasu kuma kayan kawai suke aiko mini. Na ga a shafina na AdSense, inda Google ke biyana kuɗin tallan tashata, ana yankar wani abu da sunan haraji. Shin wannan ya wadatar, ko dole sai na sanar da hukumar harajin ƙasarmu? In dole ne, me zan rubuta, tunda ba albashi nake karɓa ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'ar albarka. In na fahimce ka, so kake ka san ko abin da Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, ke yanka kafin ya turo maka kuɗi ya sauke maka nauyin haraji gaba ɗaya, in kuma bai sauke ba, wane adadi za ka bayyana alhali kuɗin ba su da tsayayyen lokaci balle tsayayyen mai biya. Ta farkon amsarta gajera ce: bai sauke ba. Wannan yankan na gwamnatin Amurka ne, ko sisi daga cikinsa ba ya shiga baitulmalin ƙasar da kake zaune. Ta biyun ce ke bukatar zama.

Aikina shi ne yi wa masu ƙananan sana'o'i lissafin haraji, kuma a 'yan shekarun nan masu shirya bidiyo da sauti da rubutu a intanet sun yawaita cikin waɗanda ke zuwa wurina. Akasarinsu da irin wannan fahimtar taka suke zuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ya saba ganin ma'aikaci ba ya zuwa ofishin haraji, domin wanda ya ɗauke shi aiki ne ke cirewa daga albashi ya miƙa wa gwamnati a madadinsa. To da ya ga kalmar haraji a shafinsa sai ya ɗauka shi ma an yi masa hakan. Amma kai a idon doka ba ma'aikacin YouTube ba ne. Mai zaman kansa ne kai, ɗan kasuwa. YouTube kamar dillali yake: ya samo masu talla, ya karɓi kuɗinsu, ya riƙe nasa kason, ya ba ka kashi 55 cikin 100 na tallan da aka sa a dogayen bidiyonka, ko kashi 45 na abin da aka ware maka a gajerun. Daga nan ba ruwansa da abin da ke tsakaninka da gwamnatinka. Shi kuwa mai zaman kansa, kusan a ko'ina a duniya, shi ke da alhakin yin rajista, ya lissafa ribarsa, ya cike fom, ya biya.

Wasu kan ce ai kuɗin daga waje suke zuwa, da dala ma, ina ruwan hukumar gida? Ruwanta shi ne kai. Yawancin ƙasashe suna karɓar haraji ne bisa inda mutum yake zaune, kuma mazauninsu suna bin sa harajin duk abin da ya samu, ko daga wace kusurwar duniya ya fito. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen gane mazauni shi ne kwana 183 a cikin shekara, tare da duba inda gidansa da iyalinsa suke. Ga kuma wani abu: a ɗakinka ka kunna kyamarar, a nan ka tace bidiyon, a nan ka ɗora shi. Aikin a gida aka yi shi, ko da mai biya yana wata nahiya.

Abin da Google ke yanka

Tun watan Yunin 2021 Google ya fara cire harajin Amurka daga kuɗin masu tashoshi da ke wajen ƙasar. Dalili shi ne dokar Amurka na ɗaukar abin da aka samu daga masu kallo da ke cikin ƙasarta a matsayin kuɗin da ya fito daga can, kuma tana tilasta wa mai biya ya riƙe wani kaso ya miƙa wa hukumar harajinta, IRS. Shi ya sa aka ce ka cike bayanan haraji a AdSense, wato fom ɗin W-8BEN, wanda da shi kake shaida cewa kai ba Ba'amurke ba ne.

In ka cike shi, yankan zai tsaya ne kan kuɗin masu kallon Amurka kawai, kuma ba ya wuce kashi 30. Yana iya sauka ƙasa da haka, har zuwa sifili, in ƙasarka na da yarjejeniyar haraji da Amurka. A Afirka ƙasashe huɗu ne ke da ita: Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu. Wanda ke zaune a wata ƙasa ta nahiyar ban da waɗannan, kashi 30 ɗin cif za a cire masa. In kuwa ba ka cike fom ɗin ba, kuma asusunka na mutum ɗaya ne ba na kamfani ba, za a iya yankar har kashi 24 na duk abin da ka samu daga masu kallo na duniya baki ɗaya.

Bari in buga misali da lissafi don ka ga tazarar. A ce a wata guda tasharka ta samu dala 800, dala 120 daga ciki masu kallon Amurka ne suka kawo ta. Da fom a cike, ba yarjejeniya, za a cire kashi 30 na 120, dala 36 ke nan. Ba fom, kashi 24 na 800, dala 192. Don haka kafin komai, buɗe shafin ka duba wane irin yanka ake yi maka. Ka kuma duba ranar da ka sa hannu, domin fom ɗin ba na har abada ba ne: yana ƙarewa a ƙarshen cikakkiyar shekara ta uku bayan sa hannun, sai an sabunta. Na ga waɗanda kuɗinsu suka ragu kwatsam a watan Janairu suna ta zargin raguwar masu kallo, ashe fom ne ya mutu.

A farkon kowace shekara Google na fitar da wata takarda mai lamba 1042-S, wadda ke nuna jimlar abin da aka samu daga Amurka da abin da aka riƙe. Sauke ta ka adana. Ƙasashe da dama suna yarda a rage harajin da aka riga aka biya a waje daga wanda za a biya a gida kan kuɗi ɗaya, don kada a yi wa mutum yanka biyu, kuma ba za su saurare ka ba sai da wannan takardar a hannu.

Me ake ƙirgawa a matsayin kuɗin shiga?

Duk abin da ya zo maka saboda wannan sana'a. Kason talla daga kowane dandali, kuɗin masu biya duk wata don zama mambobin tasha, abin da ake turowa lokacin shirin kai tsaye, kamashon da kake samu in an sayi kaya ta mahaɗin da ka sa a ƙarƙashin bidiyo, kuɗin kamfanonin da ka yi wa talla, kuɗin darasin da ka sayar. Ko ta banki aka biya ka, ko hannu da hannu, ko da kuɗin kirifto, hukuncin ɗaya ne. Tukuicin da masoya ke jefowa a TikTok shi ma yana ciki. Ba irin kyautar da ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwa ba ce, an ba ka ne saboda shirin da kake yi, kuma hukumomin haraji haka suke kallonsa.

Maganar kayan da ake aiko maka ita ce ta fi ba mutane mamaki, kuma a nan nake so in daɗe. Tambayar da nake yi wa duk wanda ya kawo mini ita ce: me suka nema a madadi? Ɗauki wayarka ka koma kan saƙon da kamfanin ya turo. In ya ce za mu aiko maka da sabuwar waya, ka yi mana bidiyo biyu a kanta cikin mako uku, ka sa mahaɗinmu, wayar ta zama taka, to wannan ciniki ne cikakke. Ka yi aiki, an biya ka, sai dai da waya aka biya maimakon takardar kuɗi. Darajar wayar a kasuwa ranar da ta iso hannunka ita za ka rubuta a littafinka. In kuwa aro suka ba ka, ka gwada ka mayar, ba abin rubutawa, amma ka ajiye rasit ɗin mayarwar. Indiya ta fito da wannan ƙarara: daga 1 ga Yulin 2022 dokarta ta wajabta wa kamfanin da ya ba da irin wannan amfani ya cire harajin kashi 10 na darajarsa, kuma bayanin da hukumarta ta fitar ya ambaci masu talla a shafukan sada zumunta da suna, ya ce in sun riƙe kayan ya zama amfani, in sun mayar bai zama ba. Sauran ƙasashe ko da ba su rubuta shi da wannan lafazin ba, ƙa'idar biya da kaya daɗaɗɗiya ce a dokokin haraji.

Tsakanin waɗannan biyun akwai kayan da ke zuwa ba ka nema ba, ba wata yarjejeniya, ba sharaɗi. A nan dokoki sun sha bamban. Ra'ayina shi ne in ƙaramin abu ne kuma ba ka tallata shi ba, ba abin damuwa ba ne. In mai tsada ne kuma ka ɗauke shi ka nuna wa mabiyanka, to ka rubuta shi. Da wuya ka gamsar da jami'in haraji cewa kamfani ya aiko maka da kwamfuta ne don ƙauna kawai, ga bidiyon tallanta a tasharka kowa na gani.

Sai abu biyu na lissafi da ake yawan kuskurewa. Na ɗaya, adadin da za ka bayyana shi ne na kafin yanka, ba wanda ya faɗo asusun bankinka ba. A misalin ɗazu, 800 za ka rubuta a matsayin kuɗin shiga, ba 764 ba, sannan 36 ɗin ta fito a nata gurbin na harajin da aka biya a waje. Haka in dandali ya cire ladansa kafin ya turo maka kuɗin mambobi: rubuta jimlar, ka sa ladan cikin kuɗin da aka kashe. Na biyu, canji. Fom ɗin haraji da kuɗin ƙasarka ake cike shi, don haka kowace dala sai an juya ta. Yi amfani da farashin canji na hukuma na ranar da kuɗin suka shigo, ka rubuta farashin a gefe, ka kuma tsaya kan hanya ɗaya duk shekara. A ƙasar da darajar kuɗi ke hawa da sauka, wanda ya bari sai ƙarshen shekara ya juya komai da farashi ɗaya zai fitar da adadin da bai dace da bayanan bankinsa ba, kuma wannan saɓanin shi ke fara jawo tambaya. Ka lura kuma AdSense na biya ne tsakanin 21 da 26 ga watan da ke biye, in kuɗin sun kai dala 100. Ke nan aikin Disamba a Janairu yake shigowa. Yawancin masu ƙananan sana'a suna lissafi ne da ranar da kuɗi suka shigo hannu, inda doka ta yarda da hakan, kuma ya fi sauƙi.

Riba ake yi wa haraji

Wannan ne ɓangaren da ke sanyaya rai, kuma shi ne wanda rashin rubutu ke ɓatarwa. Ba a kan jimlar abin da ya shigo ake ɗora maka haraji ba, sai an cire abin da ka kashe don samo shi. Kyamara, makirufo, fitilu, kwamfutar tacewa, manhajojin da kake biya duk wata, data, ladan wanda ke tace maka bidiyo ko zana maka hoton fuskar bidiyo, ladan banki, kuɗin mota zuwa wurin ɗauka. A taka sana'ar har da tsofaffin wayoyin da kake saya don ka buɗe cikinsu a gaban kyamara, da dalma da sukudireba da sauran kayan aikin da kake koyarwa da su. Manyan kaya masu daɗewa irin su kyamara da kwamfuta, ƙasashe da yawa ba sa bari a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar da aka saya, sai a rarraba kan shekaru, wasu kuma suna bari in kuɗin bai wuce wani adadi ba.

Inda ake samun ja-in-ja shi ne abin da ke yi wa sana'a aiki yana kuma yi wa rayuwarka aiki. Wayar da kake ɗaukar bidiyo da ita ita ce kake kiran iyalinka da ita. Ba za ka cire kuɗinta duka ba, za ka ƙiyasta kason sana'a da gaskiya, ka rubuta dalilin ƙiyasin. Haka data, haka wutar lantarki, haka hayar gida in ka ware ɗaki guda don ɗauka. Tufafin da ka sa a bidiyo kuwa, in irin wanda za ka iya fita unguwa da shi ne, kusan ko'ina ba a karɓarsa, komai yawan bidiyon da ya fito a ciki.

Abin da na fi gani a aikina shi ne mutum ya zo da bayanan asusun banki na shekara guda, shafi bisa shafi, kuɗin AdSense na nan tsakanin kuɗin makarantar yara da bashin da aboki ya dawo da shi da gudunmawar biki. Sai mu zauna da biro muna bin layi ɗaya bayan ɗaya, ina tambaya wannan na mene ne, yana dafe kai yana ƙoƙarin tunawa. Duk kuɗin da ya shigo ya kasa bayyana asalinsa, jami'in haraji na iya ɗaukarsa kuɗin sana'a. Duk abin da ya saya ba rasit, ana iya ƙin cire shi. Ta ko'ina shi ke asara. Maganin ba shi da tsada: buɗe asusu na daban wanda ba abin da ke shiga ko fita sai na sana'a, ka ɗauki hoton kowane rasit ranar da aka ba ka kafin tawadar ta goge, kuma duk ƙarshen wata ka sauke rahoton biya daga kowane dandali. Kada ka dogara da cewa yana nan a shafin. In aka rufe tasha ko aka yi mata kutse, rahoton ya tafi tare da ita. Ka riƙe waɗannan takardu shekara shida, wannan ya rufe wa'adin da yawancin hukumomi ke iya komawa baya su bincika.

Daga nawa ake farawa, kuma yaushe?

A nan kowace ƙasa da nata. A Amurka mai zaman kansa da ribarsa ta kai dala 400 a shekara dole ya cike fom, wa'adin kuwa 15 ga Afrilu. A Birtaniya akwai rangwamen fam 1,000 na jimlar kuɗin sana'a, wanda ya haura sai ya yi rajista da hukumar harajinsu, HMRC, ya cike fom ta intanet kafin ƙarshen 31 ga Janairu. Kenya a 2023 ta sa wa masu biyan mazauna ƙasar kuɗin shirye-shiryen intanet su riƙe kashi 5 tun daga tushe. Abin da za ka nema a dokar ƙasarka shi ne adadin da ake yafewa, ranar rufe karɓar fom, da kuma ofishin da ke da hurumi a kanka, domin a wasu ƙasashe harajin mutum ɗaya na gwamnatin jiha ko lardi ne, ba ta tarayya ba. Ka sani kuma wajabcin cike fom daban, wajabcin biya daban. Mutum na iya kasancewa ribarsa ba ta kai a karɓi komai ba, amma doka ta ce ya bayyana, kuma a ci shi tarar rashin bayyanawa.

In wani kamfanin gida ya riƙe wani kaso daga kuɗin tallan da ya biya ka, nemi takardar shaidar riƙewar mai ɗauke da lambar harajinka. Wannan biya ne na somin-taɓi da za a rage maka daga harajin shekara, amma sai da shaida.

Tunda ba mai cire maka, kai za ka cire wa kanka. Nakan ba da shawarar a ware rubu'in duk abin da ya shigo a ajiye gefe tun ranar da ya shigo, har sai an yi lissafin shekarar farko an ga ainihin kason. Wata mai kauri shi ke yaudarar mutum, ya sayi sabuwar kyamara da kuɗin da wani ɓangarensu na hukuma ne, sai wa'adi ya zo a watan da talla ta yi ƙasa. Batun yin rajistar kamfani kuwa, kada ka yi gaggawa. Yana da amfani in riba ta girma ko ka fara ɗaukar ma'aikata, amma yana zuwa da nasa fom da kuɗin akanta duk shekara.

Shekara biyun da suka wuce

Na san abin da ke ranka: wa zai sani? A da wannan tambayar na da ƙarfi, yanzu ta raunana. Fiye da ƙasashe 100 na musayar bayanan asusun banki a ƙarƙashin tsarin da OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, ta tsara, wanda aka fara aiki da shi a 2017. Tarayyar Turai daga 1 ga Janairun 2023 ta wajabta wa dandalan intanet su riƙa kai wa hukumomin haraji rahoton masu sayar da kaya ko yin hidima ta kansu, Birtaniya ta bi sahu a 2024. Ko ba wannan, dala na shigo maka ta banki da sunan Google duk wata, kamfanin da ya biya ka ya rubuta sunanka cikin kuɗin da ya kashe don a rage masa nasa harajin, sana'arka kuma a bainar jama'a take, da yawan mabiya da kowace talla.

Shawarata ita ce ka je da ƙafarka kafin takarda ta zo maka. Tattara rahoton biya na shekaru biyun, da bayanan banki, da duk rasit ɗin da ya rage, ka fitar da ribar kowace shekara daban. Hukumomi da yawa suna sassauta tara ga wanda ya kawo kansa, suna kuma yarda a biya kashi-kashi, alhali wanda aka gano sai ya biya asalin harajin da kuɗin ruwa da tara mai nauyi, wani lokaci ma bisa ƙiyasin jami'i ba bisa lissafinsa ba. Sau da yawa in muka cire kuɗin kayan aiki na shekarar farko, abin da ya rage bai kai yadda mutum yake tsoro ba.

Ba ka faɗi ƙasar da kake zaune ba, kuma ban ga takardunka ba, don haka abin da na ba ka ƙa'idoji ne da suka game yawancin wurare, ba lissafin abin da ake bin ka ba. Kaso da rangwame da wa'adi suna canzawa, wani lokaci duk shekara in an yi sabon kasafin kuɗi. Don shekarun baya musamman, ka zauna da akanta mai lasisi a ƙasarka ko da sau ɗaya ne, ka tafi masa da takardar 1042-S da saƙonnin kamfanonin da suka aiko maka kaya, ka tambaye shi kai tsaye ko dokarku na yarda a rage harajin Amurka daga na gida, da kuma yadda take ɗaukar biya da kaya. Kuɗin da za ka biya akantan ma yana cikin abin da ake cirewa daga ribar sana'a.